Me Za A Shimfiɗa Wa Zomo A Makewayinsa?

Duk wanda ya taɓa kiwon zomo ya san wani hali nasa da ba kowace dabba ke da shi ba. In ka sa shi cikin ɗaki ko akurki, kafin 'yan kwanaki zai zaɓi kusurwa guda, can zai riƙa yin fitsari, can kuma zai zuba yawancin kashinsa. Ba wanda ya koya masa. Kakanninsa na daji, waɗanda asalinsu ƙasashen Sifen da Fotugal ne, cikin ramuka suke zama, suna kuwa da wurare na musamman inda suke tara kashi. Wannan hali ne ya sa a Amurka da Ingila mutane da yawa suke ajiye zomo cikin gida kamar kyanwa, su sa masa ɗan tire na roba a kusurwar da ya zaɓa. A wurinmu yawanci a akurki ake kiwonsa bayan gida, ko don nama ko don sha'awa. Amma tambayar ɗaya ce, watau me za a zuba a wannan makewayi nasa domin ya tsotse fitsari?

Ɗalibai da yawa suna ɗaukan wannan tambaya ƙaramar magana. Yaro zai tara 'yan kuɗinsa na wata da watanni ya sayi zomaye biyu, ya yi ta wahalar neman musu ganye, sa'an nan ya kwaso duk abin da ya samu a bola ya shimfiɗa musu. Bayan 'yan makonni sai a ji ɗaya ya daina cin abinci, ko yana atishawa, washegari a tarar da shi a sandare. Sai a ce ai zomo ba shi da ƙarko. Sau da dama ba laifin zomo ba ne.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, duk abin da aka shimfiɗa wa zomo, wani kashi nasa zai shiga cikinsa, wani kuma zai shiga huhunsa. Zomo yana son ya zauna a makewayinsa yana tauna. Haƙoransa ba sa daina tsiro, sukan ƙaru kamar milimita 2 zuwa 3 kowane mako, saboda haka ba ya barin abin da ke kusa da bakinsa bai ɗanɗana ba. Ga shi kuwa ba ya iya yin amai. Kare ko kyanwa in sun haɗiye abin da bai dace ba suna iya harar da shi, amma abin da ya wuce maƙogwaron zomo sai dai ya bi hanji ya fita, ko ya toshe hanya. Hancinsa kuma kullum yana dab da ƙasa, da shi kaɗai yake numfashi, ba da baki ba. Don haka a zaɓi shimfiɗarsa da irin kulawar da ake zaɓen abincinsa.

Bari mu fara da abin da aka fi ruɗin mutane da shi a manyan kantuna, watau ƙasar da ake sayarwa cikin buhu domin makewayin kyanwa. Wata irinta da yumɓu ake yi, wanda in ruwa ya taɓa shi yakan kumbura ya dunƙule. Ga kyanwa wannan dabara ce mai kyau, gama ita tona take yi ta rufe ta tafi abinta. Zomo kuwa zai ci. In yumɓun ya dunƙule cikin hanjinsa, magana ta ƙare. Ga kuma ƙurarsa, ga tsada. Wadda aka sa wa turare domin kashe wari ma haka take. Kada kyan buhu ya ruɗi kowa.

Abin da ya fi shafarmu a nan shi ne dusar katako, domin ita ce ake samu kusan kyauta a wurin kafintoci da masu yankan katako, kuma mun saba ganin masu kiwon kaji suna amfani da ita. A nan sai an yi hattara ƙwarai. A shekarar 1967 wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna cewa ɓerayen gwaji da aka kwantar a kan dusar itatuwa masu ƙamshi, irin su fayin da sida, hantarsu takan canja yadda take aiki, har maganin sa barci ba ya kama su kamar yadda ya kamata. Man da ke ba itacen ƙamshi shi ne sanadi. Ƙungiyar House Rabbit Society, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1988 domin kula da zomayen gida, tana gargaɗin masu kiwo su guji irin wannan dusa. Ana samun itacen fayin a gandun dajin da aka dasa a kan tudun Jos da kuma Afaka kusa da Kaduna, ana kuma shigo da kaya cikin akwatunan da aka yi da shi. Itacen turare ma yana da mai mai ƙarfi. Hanya mai sauƙi ita ce, ka ɗebi dusar a hannu ka sansana. In ƙamshinta ya bugi hancinka, ka tuna hancin zomo ya fi naka ji nesa ba kusa ba, kuma shi a kanta zai kwana.

Amma ba ƙamshi kaɗai ne abin tsoro ba. Dusar da ake sharowa daga shagon kafinta gauraye take. Akwai ta katakon loko, wanda ƙurarsa take sa wa masu aikinsa kansu ƙaiƙayin fata da ciwon asma. Akwai ta filawud, mai ɗauke da gam. Akwai ta katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin man inji. Ba mai iya rarrabe su da ido. Ni kaina na taɓa karɓo buhu guda a wurin wani kafinta, ya tabbatar mini da cewa farin katako ne zalla. Da na zazzage shi a gida sai ga guntayen ƙusoshi da warin fenti. A bola ya ƙare. In dole sai an yi amfani da katako, to, a nemi manyan sassaƙe masu laushi da ke fitowa lokacin da ake kankare fuskar farin katako marar wari, wanda ba a shafa masa kome ba, a shanya su a rana su bushe sarai, a tankaɗe garin. Dusa mai laushi kamar gari kuwa a bar wa masu hura wuta.

Sai kayan gona. Ɓawon gyaɗa yana da araha, amma ni ba na ba da shawararsa. Gyaɗa in ta sha laima takan yi fumfuna mai haifar da wata guba da ake kira aflatoksin. Wannan guba ce ta kashe talotalo kimanin 100,000 a Ingila a shekarar 1960, bayan an ciyar da su da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Birazil. Zomo yana cikin dabbobin da ba sa jure ta ko kaɗan, ga shi kuma zai tsinci ragowar ƙwayoyin da suka maƙale a ɓawon ya ci. Totuwar masara da aka farfasa ita ma tana saurin yin fumfuna, tana kuma iya toshe hanji. Buntun shinkafa ya fi su dama in ya bushe, sai dai ba ya shan ruwa sosai, yana da kaifi, yana shiga ido. Yashi nauyi kawai gare shi, fitsari yakan kwanta a ƙarƙashinsa. Toka kuwa kada a sa ta inda ƙafar zomo za ta taka, gama in ta jiƙe tana cin fata. Uwayenmu da suke yin sabulu da ruwan toka sun san haka.

To, me ya rage? Abu biyu, kuma duka biyun suna nan a hannunmu: takarda da busasshiyar ciyawa.

A nemi tire ko tsohon daro na roba wanda zomo zai iya juyawa a ciki sosai, bakinsa kuma bai yi tsayin da zai hana shi shiga ba. A jera tsofaffin jaridu a ƙasa, shafi biyar ko shida, a ƙara yayyagaggiyar takarda a kai har kaurinta ya kai santimita 2 ko 3. Tsofaffin littattafan rubutu da aka gama da su suna yin wannan aiki da kyau, muddin an cire ƙarafan da ke tsakiya. (Na ce waɗanda aka gama da su. Kada wani ya zo mini a zango mai zuwa ya ce zomo ya cinye masa aikin gida.) A guji takarda mai sheƙi ta kalanda da mujalla, domin ba ta shan ruwa. Sa'an nan a rufe takardar da ingirici mai tsabta, wanda aka yanka aka shanya da kaka, ba inda aka fesa maganin kashe ciyawa ba. Takarda za ta sha fitsari, ciyawa za ta raba ƙafar zomo da laima. Zai kuma riƙa cin ta saman, wannan kuwa alheri ne, gama busasshiyar ciyawa ce ya kamata ta zama mafi yawan abincinsa. Harawar wake ko ta gyaɗa abinci ce mai daraja, a rataye ta a gefe inda ba zai yi mata fitsari ba. A ƙasashen Turai ana sayar da takarda da aka matse ta zama ƙwayoyi domin wannan aiki, wanda ya samu ya iya saya ba laifi, amma ba ta fi tamu da wani abin kirki ba sai sauƙin kwashewa.

Kome kyan shimfiɗa, in ba a canja ta ba takan zama cuta. Fitsarin da ya kwana yana fid da iskar amoniya, wannan warin da ke sa ido ƙwalla. Tana ƙona hanyar numfashin zomo, ta buɗe ƙofa ga ƙwayar cutar da ke kawo masa mura mai majina, wadda ke da wuyar warkewa. Akwai kuma cutar koksidiya mai sa gudawa, mai kashe 'ya'yan zomaye da yawa. Ƙwayayenta suna fita cikin kashi, amma ba sa iya kama wani sai sun yi kwana ɗaya ko biyu a wuri mai ɗumi da laima. Wanda yake kwashe jiƙaƙƙen wuri kowace safiya ya riga su ke nan. Da damina a ƙara lura, domin ƙudaje sukan yi ƙwai a jiƙaƙƙen gashin gindin zomo, cikin yini guda su ƙyanƙyashe tsutsotsi masu cin nama. Tafin ƙafarsa ma gashi ne kawai ke kare shi, ba shi da tsoka mai kauri irin ta kare, in ya daɗe kan laima sai gyambo.

Sau ɗaya ko biyu a mako a zubar da kome, a wanke tiren, a shanya shi a rana. Za a ga wani farin abu kamar alli ya daskare a ƙasansa. Kada a tsorata, sinadarin kalsiyam ne da zomo yake fitarwa cikin fitsari. Ruwan lemon tsami ko binega yana narkar da shi, ba sai an nemi magani mai ƙarfi ba. In an mai da tiren, a jefa 'yan ƙwayoyin kashinsa biyu ko uku a ciki domin ya gane wurinsa. In kuwa ya nace wa wata kusurwa dabam, kada a yi gardama da shi, a kai tiren can.

Abin da aka kwashe kada a ƙone shi. Takarda da ciyawa da kashin zomo, in an tara su a rami aka rufe da ƙasa suka ruɓe, taki ne mai kyau ga alayyafo da tumatir da kabeji. Wannan ma wani dalili ne na guje wa yumɓun kanti da dusar da ta sha maganin gara, gama ba wanda zai so ya zuba su a lambun da yake cin ganyensa.