Kada Mu Dangwala Yatsa Sai Mun Fahimta

'Yan'uwa manoma, idan malamin gona ya kawo mana sabon iri, mukan tambaye shi kwana nawa yake yi kafin ya nuna, da irin ƙasar da yake so. Amma in muka je asibiti sai bakinmu ya mutu. Da an miƙo takarda sai mu dangwala yatsa, ba tambaya. Wannan shiru yana da hatsari.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa Arewacin Nijeriya. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Kano ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin. Rabi aka ba su sabon maganin, rabi kuma wanda aka saba da shi. Yara 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin kuwa ya musanta laifi. A 2009 ya sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Zargin da ya biyo baya yana cikin abubuwan da suka sa mutane da yawa ƙin rigakafin shan inna a 2003, cutar kuwa ta sake yaɗuwa.

A 2014 Nijeriya ta kafa Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa. Dokar ta ce a bayyana wa marar lafiya ciwonsa, da hanyoyin magani da hatsarinsu, cikin harshen da yake ji. Ba a yin gwaji a jikin mutum sai da yardarsa a rubuce. Ba a tona asirin ciwonsa. Ba a kuma hana taimakon gaggawa ga wanda ke bakin mutuwa.

Sai dai dokar da ba a sani ba kamar fartanya ce a rataye. Muna bukatar a koyar da ita ga likitoci da ungozoma da ma'aikatan ƙananan asibitocin ikilisiya, mu ma mu koya. Allah ya halicci mutum da daraja, talauci da rashin karatu ba sa rage ta.

A taron ƙungiya mai zuwa, mu gayyaci malamin asibiti ya bayyana mana dokar nan. Mu zaɓi mai karatu da zai riƙa raka marasa lafiyarmu. Kada mu guji magani ko rigakafi. Mu yi tambaya da ladabi, mu fahimta, sa'an nan mu sa hannu.