Takardar zama a ƙasar waje: nawa ne na hukuma, nawa ne na dillali?

Da an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai tashoshin mota na Tawa da Maraɗi da Damagaram su cika da samari masu tafiya biɗa. Wasu sun nufi Abijan, wasu Kwatano ko Lome, wasu Libiya, wasu kuma ransu yana Saudiyya. Amma wanda yake son ya daɗe a ƙasar mutane, ya yi aiki hankali kwance, sai da takardar zama. A nan ne dillalin takarda yake fitowa. Yakan ce ya san hanya, ya san manya, a kawo kuɗi kawai. Da yawa sun sayar da bisashe, wasu sun jinginar da gona, don su biya shi.

Takardar zama ba abin wasa ba ce, tsofaffi sun san haka. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ƙasar Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako 2 ya fita. Ƴan Nijar da yawa suka dawo gida, suka bar shaguna da kaya. A watan Janairu na 1983 Nijeriya ma ta kori baƙin da ba su da takarda. Tsoron irin wannan rana shi ne jarin dillali.

Kuɗin da mai neman takarda yake kashewa kashi uku ne. Na farko kuɗin hukuma: na fasfo, na biza, na katin zama. Wannan sananne ne, kuma ana ba da takardar shedar biya. Na biyu kuɗin hidima: hoto, awon likita, kuɗin mota zuwa Yamai, abinci da masauki. Na uku ladan mai taimako, wanda ya cika takardu ko ya raka mutum ofis. Dillalin kirki yana faɗin kowane kashi dabam. Macuci kuwa sai ya haɗa su dunƙule guda, ya ce "ka kawo kaza, komi da komi". Cikin wannan dunƙule ne saniya take ɓacewa.

A dubi abin da ya faru a Kodibuwa. An yi dokar katin zama a can a 1990. Da farko ɗan ƙasashen CEDEAO yana biyan jika 5 a shekara. A 1998 aka mai da shi jika 15. A watan Nuwamba na 2007 aka soke katin ga ƴan waɗannan ƙasashe. Ke nan farashin hukuma yana hawa, yana sauka, wani lokaci ma a ɗauke shi baki ɗaya. Wanda bai tambaya ba yana iya biyan dillali kuɗin abin da aka riga aka soke.

Yau ma sai an yi tambaya. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasashenta damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, ya yi kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu 2025. A ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shedar mutanensu har zuwa wata sanarwa. Nijar kuma tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar masu kuɗin sefa, tare da Kodibuwa da Benin da Togo da Senegal. Wurin jin gaskiyar magana shi ne ofishin jakadancin ƙasar da za a je, ko ofishin jakadancin Nijar da ke can. Tambaya kyauta ce.

Inda aka fi yin asara shi ne hanyar Saudiyya. Takardar zama ta can sunanta igama. Ma'aikaci ba ya fidda ta da kansa. Wanda ya ɗauke shi aiki, wato kafili, shi ke nema masa ita cikin kwana 90 da shigarsa ƙasar. Igamar ma'aikacin kamfani riyal 650 ce a shekara, wajen jika 100 ke nan. Dokar aiki ta Saudiyya ta ɗora wannan kuɗi, da na izinin aiki, da na ɗauko ma'aikaci, a wuyan mai ɗaukar aiki. Saboda haka duk wanda ya zauna a Maraɗi ko Yamai ya ce yana sayar da igama, abin da ba nasa ba yake sayarwa.

Ga yadda abin yakan kasance. Saurayi ya sayar da shanun huɗa biyu, uba ya jinginar da gonar fadama ya cika masa. Dillali ya karɓi kuɗi da fasfo, babu sheda, babu rubutu. Bayan wata biyu ya kawo fasfon da biza a rubuce da Larabci da Ingilishi. Saurayi ya hau jirgi da murna. Sai ya sauka Jidda ya tarar bizar umra ce aka yi masa. Bizar umra ta ibada ce, ba ta halatta aiki, kuma tana da wa'adi. Wa'adi na cika ya zama mai ɓuya. In aka kama shi akwai tara, akwai tsarewa, a ɗauki zanen yatsunsa, a maido shi gida. Damina ta zo, babu shanu, gona tana hannun mai jingina.

Akwai kuma wadda ake kira biza hurra. Kafili ya karɓi kuɗi, ya sa sunansa a takarda, ya saki mutum ya nemi aiki inda ya ga dama. Dokar Saudiyya ta hana wannan. Mai irin wannan biza yakan biya kafilin duk shekara kafin ya sabunta masa igama, kuma in aka same shi yana aiki wurin wani, shi ma mai laifi ne.

Ba duk mai taimako ne macuci ba. Manomin da bai san Faransanci ba, bai san titunan Yamai ba, yana bukatar mai yi masa jagora, kuma wanda ya ɓata yininsa ya cancanci lada. Amma aikinsa cika takarda ne da nuna ƙofa. Ba shi ke buga hatimi ba. Wanda ya yi rantsuwa cewa biza tana hannunsa, a yi nesa da shi.

Kafin a kai sa kasuwa, ga abubuwa biyar da ya kamata mai tafiya ya yi:

1. Ya san kuɗin hukuma daga bakin ofis, ba daga bakin dillali ba.
2. Ya sa a rubuta kowane kashi dabam, a sa hannu gaban shedu biyu.
3. Kada ya biya ladan duka sai takarda ta shigo hannunsa.
4. Ya kai bizar ga wani dabam mai karatu ya faɗa masa irinta, da ranar da za ta ƙare.
5. In tafiyar aiki ce, ya ga takardar kwangila mai sunan mai ɗaukarsa, da irin aikin, da albashi, ya kai ta ofishin ANPE a duba.

Wanda ya koyi karanta lamba ya riga ya iya duba ranar da ke bisa biza, ya iya tara kuɗi kashi uku ya ga abin da ya hau kai. Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata. Yinin da aka kashe wajen tambaya ya fi sauƙi bisa ga shanun huɗa biyu da gonar fadama.