Gawon Illela da Gadon da Ke Cikin Ƙwayarsa

 Shirinmu na yau daga Illela yake zuwa muku, bakin iyakar Najeriya da Nijar, ɗan taƙi kaɗan daga Birnin Ƙonni. Batunmu kuwa gawo ne.

Manomin yankin nan ya san halin gawo sarai. Da damina, lokacin da sauran itatuwa ke yin kore shar, shi zubar da ganyensa yake yi, ya bar wa gero rana da taki. Da rani kuma sai ya tofo, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya a lokacin da ciyawa ta ƙare. Saiwarsa tana nitsewa ƙasa sosai neman ruwa. Ba banza ba sarakunan Damagaram na da suka sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi.

To amma gawo ba duka ɗaya ba ne, kuma nan ne nake so mu ɗan dakata. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, an taɓa shuka irin gawon kudancin Afirka tare da na Afirka ta Yamma. Baƙon ya yi saurin tsawo, gwanin sha'awa. Namu ya tsaya yana aikin saiwa. Da rani ya tsananta, baƙon ne ya yi ta mutuwa. Wannan juriya a cikin ƙwayar halitta take, gado ce da itacen ya tara daga kakanninsa da suka tsallake fari bayan fari, har da na 1973 da na 1984.

Dabbobi suna da hannu a wannan gado. Ƙwayar gawo tana da tauri, amma idan saniya ko akuya ta ci 'ya'yan, ƙwayar takan fito cikin kashi a shirye ta tsira. Garken da ke ratsa iyaka zuwa karar Illela yana tafe da irin wani gari a cikinsa, yana zubarwa a gonakin wani. Ta haka iri ke gauraya.

Abin da ke damuna shi ne gatari. Masu itacen girki da masu sassabe rassa don kiwo sun rage manyan gawo, ƙananan kuma ana tumɓuke su wajen sharar gona. Idan tsohon gawo ya faɗi bai bar baya ba, abin da ya gada ya tafi ke nan.

Maƙwabtanmu sun gwada wata hanya. A 1983, a yankin Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara aiki da manoma kan sassaben zamani: a bar kututture ya tofo, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a rage sauran. An ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar, kuma irin ƙasar ne da kansa.

Jihar Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa. Roƙona ga masu renon dashe, kada su cika buhu da iri daga gindin uwa guda don ta fi kusa da hanya. Su tattaro daga iyaye masu yawa, nesa da juna, na tudu da na fadama, tun daga gefen Kalmalo har gonakin da ke kallon Ƙonni.