Ba Kullum Laifin Hannu Ba Ne: Sana'ar Sauƙaƙa Wa Mutane Na'ura

A farkon shekarar 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi ƙaranci, Hajiyarmu ta zauna a tsakar gida da waya a hannu tana son tura wa mai kawo mata gero kuɗinsa. Sau huɗu tana farawa, sau huɗu allon yana komawa farko kafin ta gama karanta abin da aka tambaye ta. Daga ƙarshe ta ajiye wayar a kan tabarma ta ce, "Ni ce ban iya ba, kaina ya tsufa." Matar da take riƙe da lissafin adashin mata ashirin a ka, ba ta taɓa ɓatar da sisin kowa ba, ita ce waya ta sa take zargin kanta.

Autarmu tana gefe tana kallo. Bayan ta kammala digirinta a fannin nazarin zamantakewa, sai ta sanar da mu cewa sana'ar da za ta bi ita ce tsara sauƙin amfani da manhajoji, wadda masu tallar aiki suke rubutawa da haruffa biyu, UX. Baba ya dube ta ya ce, "Auta, duk karatun nan ashe zane-zane za ki koma?" Ni ma ban fahimta ba a lokacin, shi ya sa na ari littattafanta ina karantawa idan aikin dare ya lafa. Abin da na tarar a ciki ya shafi aikina na jinya fiye da yadda na zata.

Mene ne aikin?

Duk abin da kika taɓa a waya, wani ne ya yanke shawarar inda zai zauna: girman rubutu, kalmar da ke kan maɓalli, daƙiƙa nawa za a jira ki, da abin da zai fito idan kin yi kuskure. Injiniya yana sa manhaja ta yi aiki. Mai tsara sauƙin amfani kuwa yana tabbatar da cewa mutum zai iya aiki da ita. Yakan fara da hira da mutane da kallon yadda suke gudanar da al'amuransu, sai ya zana samfuri, ko da a takarda ne, ya ba wasu su gwada, ya gyara, ya sake gwadawa. Rabin aikin sauraro ne.

Sana'ar ta girmi wayar hannu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin Amurka samfurin B-17 sun riƙa yin haɗari wajen sauka, ana ɗora laifin a kan matuƙa. Wani matashin masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya lura cewa makunnin naɗe tayoyi da na sarrafa fikafikai iri ɗaya ne, kuma suna kusa da juna. Matuƙin da ya gaji sai ya taɓa wannan a maimakon wancan. Aka maƙala wa na tayoyi 'yar ƙaramar taya ta roba, na fikafikai kuma aka ba shi wata siffa daban, yadda hannu zai bambance su ko ido bai duba ba. Matuƙan ba su canza ba, amma irin wannan haɗarin ya kau.

Littafin ƙofofi

Littafin farko da Auta ta miƙo mini shi ne The Design of Everyday Things na Don Norman, wanda ya fara fitowa a 1988, aka sabunta shi a 2013. Norman masanin yadda ƙwaƙwalwa ke aiki ne, kuma ƙofofi da famfuna da makunnan lantarki da suka riƙa rikita shi a zamansa na Ingila suna cikin abin da ya sa ya rubuta shi. Hujjarsa mai sauƙi ce: idan mutane da yawa suna jan ƙofar da ya kamata su tura, ƙofar ce ke da matsala. A 1993 ya shiga kamfanin Apple, kuma daga can ne sunan wannan fanni ya bazu.

Ina karantawa ina tuna kwalaben allura. A 2006, a birnin Indiyanafolis na Amurka, jarirai bakwaini uku sun rasu bayan an ba su maganin hana daskarewar jini na heparin mai ƙarfin manya. A 2007 irin wannan kuskure ya faɗa wa tagwayen ɗan wasan fim Dennis Quaid a Los Anjelis, sai dai su Allah ya yi da sauran kwanansu. Kwalba ɗaya tana ɗauke da awo 10, ɗayar awo 10,000, wato ninki dubu, amma girmansu kusan ɗaya, kuma tambarin kowacce shuɗi ne. Duk wadda ta taɓa tsayuwa a ɗakin yara da ƙarfe uku na dare, ita kaɗai da gadaje cike, ta san yadda ido ke yaudarar mai shi. Horon ma'aikaci wajibi ne, amma matuƙar kwalaben suna kama da juna, gobe wata za ta maimaita.

Littafin kallo

Na biyu ƙarami ne, Don't Make Me Think na Steve Krug, wanda ya fito a 2000. Darasinsa shi ne mutane ba sa karanta shafin intanet layi-layi, ido kawai suke wurgawa su danna abin da ya fara yi musu kama da buƙatarsu. Shawararsa kuma ba ta cin kuɗi: ka zaunar da mutum, ka ba shi aiki, ka yi shiru ka kalla. Jakob Nielsen, wanda suka kafa kamfani tare da Norman a 1998, ya nuna cewa gwaji da mutum biyar kacal yakan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi. Gani ya kori ji. Mu ma a asibiti, idan muka koya wa uwa haɗa ruwan gishiri da sukari, ba ma wadatuwa da "na gane". Cewa muke ta haɗa mu gani.

Wa aka manta?

Na uku shi ne Mismatch na Kat Holmes, na 2018. Ta jagoranci aikin tsara kayayyaki don kowa da kowa a Microsoft, inda suka yaɗa wani misali da ya zauna mini a rai: mai hannu ɗaya, da wanda ya karye a hannu, da uwar da ke rungume da jariri, dukansu hannu ɗaya suke da shi a wannan lokacin. Abin da aka sauƙaƙa wa na farko ya amfani sauran.

A nan ne 'ya'yanmu suke da abin da wani ba shi da shi. A birnin Bangalo na Indiya, Indrani Medhi ta shafe shekaru tana bincike a unguwannin talakawa kan manhajojin da ke aiki da murya da hotuna domin waɗanda ba su iya karatu ba. Mu ma muna da iyaye masu karanta ajami ba boko ba, da 'yan kasuwar da duk cinikinsu saƙon murya ne a WhatsApp, da gidajen da waya ɗaya ce ta mutum biyar. Har yanzu akwai shafukan da ƙ da ɗ da ɓ suke fitowa a matsayin akwati ko alamar tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga iyaye da masu sha'awa

Ba a buƙatar digirin kwamfuta kafin a fara, amma ana buƙatar Turanci mai kyau, da kwamfuta, da kuɗin data, da haƙurin rashin wuta. Manhajar Figma, wadda yawancin masu sana'ar ke zane da ita, tana da sashen kyauta. Google ya fitar da kwas na koyon fannin a dandalin Coursera a 2021. Sai dai kada a yaudare ku: takardar shaida kaɗai ba ta kawo aiki, masu nema suna da yawa, kuma abin da ake dubawa shi ne kundin ayyukan da mutum ya yi da hannunsa, da bayanin dalilin kowace shawara.

Akwai kuma batun amana. Wanda ya san inda yatsa zai faɗa yana iya kafa tarko a wurin. A 2010 wani Baturen Ingila, Harry Brignull, ya fara tattara irin waɗannan dabaru na yaudara: maɓallin karɓa ƙato, na ƙi kuma a ɓoye, shiga cikin daƙiƙa, fita sai an sha wahala. Duk wanda ya ga yadda manhajojin caca da na bashin gaggawa suke cin matasa ya san ba wasa ba ne. Kafin yarinya ta karɓi aiki, ta tambayi kanta wa ake son ta sauƙaƙa wa, kuma me.

Aikin farko da Auta ta sa a kundinta samfurin tura kuɗi ne da Hausa, ta zana shi a kan kwalaye shida. Wadda ta fara gwadawa Hajiya ce. A kwali na uku ta tsaya ta ce, "Auta, wannan 'tabbatar' ɗin, kuɗin ya tafi ke nan ko tukuna?" Auta ba ta yi mata bayani ba. Ta ɗauki biro ta soke kalmar, ta rubuta sunan mai karɓa da adadin kuɗin da manyan baƙaƙe, a ƙasa ta sa "Tura yanzu" da "Koma baya". Baba yana kan kujerarsa yana jin su, can ya ce a kawo masa shi ma ya gwada.

Ni kuwa da na koma aiki, na nemi izinin shugabar ɗakinmu muka raba wa wasu allurai biyu masu kama da juna mazauni, muka naɗa wa mai ƙarfin jan salatif a wuya. Allah ya tsare hannayenmu, ya sa wa 'ya'yanmu albarka a abin da suka zaɓa.