Me ke cikin cip ɗin wayarka, kuma wa ya zana shi?

Jama'ar Tasawa da Mayahi, da ƴan uwa da ke Libiya, Aljeriya ko Kano, wa bai taɓa kai salularsa wurin mai gyara ba, aka buɗe aka ce masa "IC ta ƙone"? To, wannan ɗan baƙin abu mai kamar farce shi ne cip, ƙwaƙwalwar waya.

Ana yin sa da silikon, wanda ake tacewa daga wani irin farin dutse da rairayi. A cikinsa akwai ƙananan makunnai, tiranzisto, masu buɗe wa wuta hanya ko su rufe. Wannan buɗewa da rufewa ita ke zama lissafi, murya da hoto.

Kamar gida ne: kafin magini ya aza bulo, sai an fidda zane. A 1971 kamfanin Intel na Amurka ya fito da cip mai suna 4004, mai tiranzisto 2,300, kuma da hannu aka zana shi. A 2020 cip ɗin M1 na Apple ya zo da miliyar 16. Wa zai zana wannan da hannu? Shi ya sa injiniya ke rubuta aikin da yake so cip ya yi, sai manhajar kwamfuta ta jera tiranziston, ta ja hanyoyin wuta, ta gwada komai tun ba a ƙera ba. Wannan fanni ake kira EDA, kuma Synopsys, Cadence da Siemens ne manyansa.

Gwajin ba wasa ba ne, don in an ƙera, ba gyara. A 1994 kuskuren lissafin rabawa a cip ɗin Pentium ya ci wa Intel dalar Amurka miliyan 475. Ka ga ke nan mai gyaranmu ba ya iya ɗinke cikin cip, sai dai ya canza shi. Saboda haka a kiyaye waya daga zafin rana, ruwa da caja maras kyau.

Mai zane daban, mai ƙira daban. Wayoyin Tecno da yawa na aiki da cip ɗin MediaTek, kamfanin Taiwan da ba shi da masana'anta, sai ya kai zanensa ga irin su TSMC.

Gina masana'anta sai miliyoyin dubbai na dala, amma koyon zane kwamfuta da lissafi yake so. Akwai manhajar kyauta, KiCad, ta zana allon da ake ɗora cip a kai. Iyaye, yaron da ke son kwance rediyo kada a kashe masa gwiwa, a dage masa da lissafi, ko Allah ya kai shi Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi.