Dammen Iri da Kifin Kainji

A gidan manomi a Shanga akwai dammen da ba a taɓawa. Da kaka maigida kan tsinci zangarniyar gero mai ƙosasshen ido, ya ɗaure, ya ajiye can ƙuryar rumbu. Ko tuwo ya yi wuya da bazara, uwargida ta san turminta ba zai ga wannan damme ba. Iri ne.

Irin wannan ajiya ƙasashen duniya suka yi alkawari a Kanada a 2022: kafin 2030 a keɓe kashi 30 cikin 100 na teku da ruwayen cikin ƙasa, kifi ya samu inda zai hayayyafa. Zuwa 2024 abin da aka keɓe a teku bai kai kashi 10 ba, wasu wuraren ma a takarda kawai suke, rumbu ne ba marfi.

Mu a nan ba mu da teku, tafkin Kainji muke da shi. Da aka datse kogin Kwara a 1968 ruwa ya malale ciyayi, kifi ya yi ta haihuwa, masunta suka yi ta kwararowa. Ba a daɗe ba kamu ya ja baya. Daga baya dala ta yaɗu, ragar nan mai ido kamar gidan sauro da ake ja daga gaɓa. Warangi ake nema da ita, amma ba ta tambayar suna: 'ya'yan faliya, na karfasa, na giwan ruwa da ba su kai yatsa ba, duk sai ta kwaso. Wato an shiga rumbu an sauko da dammen iri an daka. A shekarun 1990, lokacin shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus kan kifin tafkin, jihohin Kebbi da Neja suka haramta ta, aka kuma jawo sarakunan ruwa cikin sa ido.

To amma a nan kwatancena ya fara ɗingishi. Manomi yana haƙura da iri ne don ya san shi zai shuka, shi zai girbe. Masuncin da ya saki ƙaramin kifi da safe fa? Da daddare wani daga wancan ƙetare zai kwashe shi. Wannan rumbu ƙofofinsa sun kai yawan ƙauyukan bakin ruwa, daga Yawuri har Ngaski har Borgu.

Shi ya sa nake yawan tuna Argungu. Matan Fada ruwa ne ɗan kaɗan idan aka gwada da Kainji, amma ana hana su a cikinsa har sai ranar biki, kowa ya san Sarkin Ruwa, kowa ya san ranar da za a buɗe, kowa kuma zai shiga da homarsa. A Kainji, wuraren da suka cancanci irin wannan kulle su ne bakin ciyayi da lungunan da kifi ke zuba ƙwai idan ruwa ya hau, kuma Sarkawan kowane gari sun san su ɗaya bayan ɗaya.