DUNIYA TA KARRAMA MAI ZANEN GININ DA YA YI KARATU A ZARIYA

Ran 20 ga watan Mayu 1923 ba a haifi Demas Nwoko ba tukuna, amma a irin wannan rana cikin 2023, yana da shekara 87, aka miƙa masa lambar girma ta Zakin Zinariya a birnin Benis na ƙasar Italiya, saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa wajen tsara gine-gine. An yi bikin ne a ranar buɗe babban nunin gine-gine na duniya karo na 18, wanda Lesley Lokko, 'yar asalin Gana, ta shugabanta. Masu shiga nunin su 89 ne, fiye da rabinsu daga Afirka suke ko kuwa 'yan asalinta. An keɓe wa Nwoko ɗaki guda inda aka nuna ayyukansa, aka kuma yi ta laccoci da mahawara har zuwa watan Nuwamba.

To, wane ne wannan dattijo? An haife shi cikin 1935 a garin Idumuje-Ugboko da ke Jihar Delta ta yanzu, mahaifinsa kuwa shi ne sarkin garin. Daga 1957 zuwa 1961 ya yi karatun zane-zane a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. A can ne shi da su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka haɗu cikin wata ƙungiyar ɗalibai wadda aka kafa a 1958. Ra'ayinsu shi ne a karɓi abin da ke da amfani cikin ilmin Turawa, a gama shi da fasahar da aka gada kaka da kakanni. Bayan Zariya ya tafi Faransa ya koyi tsara dandalin wasan kwaikwayo, sa'an nan ya koyar a Jami'ar Badun daga 1963 zuwa 1978.

Abin mamaki shi ne Nwoko bai yi makarantar zanen gini ba. Aiki ne ya koya masa. Ya fara da wurin aikinsa na Badun, wanda ya kira New Culture Studio, cikin 1967. A 1970 wata ƙungiyar limaman Katolika ta ba shi aikin majami'arta a Badun, ginin da ya fitar da sunansa. Shi ne kuma ya zana zauren al'adu na Oba Akenzua a birnin Binin, wanda ya ɗauki fiye da shekara 20 kafin a gama.

Dabararsa ba ta da wuyar fahimta. A lokacin da ake ganin ginin ƙasa na talaka ne, sai ya riƙa cuɗa jar ƙasa da siminti yana buga bulo, ya bar shi da launinsa ba fenti. Yakan rage tagogin da rana ke bugawa, ya jawo haske daga sama, ya bar ƙofofin iska ta yadda mai sanyi za ta shiga ta ƙasa, mai zafi ta fice ta sama. Ginshiƙai da ƙyamare kuwa na katako ne, sassaƙar hannu. Duk wanda ya taɓa yin ƙailula cikin soron ƙasa a Zariya ko Kano da bazara ya san amfanin bango mai kauri.

Ga inda maganar ta shafi kowa. A Ikko da Abuja ana ta ɗora benaye masu bangon gilashi, waɗanda da zarar an ɗauke wuta sai su zama tanda, sai an tayar da janareta kafin a iya zama ciki. Gilashin da na'urar sanyaya ɗaki galibi daga waje ake sayo su, kuɗin mai kuma kullum daga aljihun mai gida yake fita. Jar ƙasa kuwa tana nan ƙarƙashin ƙafar kowa.

Italiya ta yi nata, ta ba da lamba. Saura makarantun koyar da zanen gini na Nijeriya su riƙa kai ɗalibansu Badun da Binin su tsaya cikin waɗannan gine-gine da tsakar rana, su ji da jikinsu, sa'an nan hukumomin da ke ba da izinin gini su daina ɗaukar jar ƙasa abin kunya.